Yadda Ragunan Alhaji Tanimu Suka Ɓata Mana Suna

Duk lokacin da na ce muku aikina aika imel ne, sai ku kalli juna kuna murmushi. Rannan ɗaya daga cikinku, ba zan kama suna ba tunda uwarsa na zaune a nan, ya tambaye ni da Turanci wai da gaske ana biyan mutum don ya danna maɓalli. To ku gyara zama. Danna maɓalli kowa ya iya. Abin da ake biyan mu a kai shi ne saƙon ya shiga inda aka aike shi. In ka aika wa mutum ɗaya, babu mai kallonka. In ka aika wa dubban mutane a tare daga inji ɗaya, sai masu gadin ƙofofin imel na duniya su miƙe tsaye su tambaye ka kai ɗan gidan wane ne.

Daga Maradi na zo nan Greensboro ta Amurka, kuma masaƙa na fara shiga kamar yawancin mutanenmu na lokacin. Da masaƙar ta rufe sai na je na yi ɗan karatun kwamfuta, wadda a gida muke ce wa ordinater. Daga nan na samu aiki wajen wani Bature, Mista Wendel. Kamfaninsa ɗaki biyu ne a saman wani shagon kofi kusa da titin Elm, ɗan taku kaɗan daga tashar bas. Mutum ne mai ƙiba da gemu, gajeren wando yake sawa ko ana zuba ƙanƙara. Aikinsa shi ne aika saƙonnin talla da sanarwa a madadin ƙananan 'yan kasuwa: masu sayar da kujeru, likitan haƙori, coci-coci, da wani shagon kayan wasan golf a Sedgefield. Injin da ke aikawa, wanda ake kira sava, yana cikin ɗaki na biyu, yana gurnani dare da rana kamar tsohon firji. Sunana Lawali bai taɓa zama a bakin Mista Wendel ba. Wali yake ce mini, ni kuma na karɓa, tunda sunan ba na raini ba ne.

Aikin farko da ya ba ni shi ne kallon baƙin allo. Duk saƙon da savar ta kai ƙofar wani kamfanin imel, akwai amsar da ake ba ta, sai ta rubuto a allon nan da fararen baƙaƙe. Ya ce in zauna in karanta har idona ya saba. Amsa mai farawa da lamba biyu na nufin an karɓa. Mai farawa da huɗu na nufin je ka ka dawo. Mai farawa da biyar na nufin kada ka sake zuwa. Na yi makonni ina wannan zama, har in na rufe ido a cikin bas layukan nake gani suna gudu.

Wata rana ya ja kujera ya zauna kusa da ni, ya nuna savar da haɓarsa.

Ya ce, "Wali, mutanen can ba su san fuskarka ba, ba su san tawa ba. Lambar injin nan kaɗai suka sani. In lambar ta yi suna mai kyau, ko shirme muka aika zai shiga. In sunanta ya ɓaci, ko gaisuwar mahaifiyarka ce, akwatin shara za a jefa ta."

Wannan ita ce sana'ar duka. Kowane inji a intanet yana da lambarsa, ita ake kira IP, kuma lambar tana da mutunci kamar ɗan adam. Sabuwar lamba baƙuwa ce. In ka tare a unguwa yau, gobe da safe ka bi gida-gida kana ƙwanƙwasa ƙofofi da jaka a kafaɗa, 'yan sanda za a kira maka. Sai dai ka fara da gaida maƙwabcin dama da na hagu, sati mai zuwa ka ƙara wasu, har unguwa ta san ka. Haka muke yi wa sabuwar lamba: saƙo kaɗan yau, ƙari kaɗan gobe, kuma a fara da mutanen da aka tabbata za su buɗe. Ɗumama lamba ake ce masa. Ya fi renon jinjiri cin haƙuri, don shi jinjiri ko ba komai yana yi maka dariya.

Sannan akwai takardun shaida. Dole in an tambayi lambar sunanta ta faɗa, in an tambayi sunan lambarsa ya faɗa, amsoshin su zo daidai. Dole ka rubuta a bainar jama'a waɗanne injuna ne ka yarje wa su yi magana da sunanka, shi ne SPF. Daga baya aka kawo wani hatimi da ake buga wa kowane saƙo don a san ba a taɓa shi a hanya ba. Duk da hannu muke rubuta su, kuma ɗigo ɗaya ya isa ya rusa komai. Mista Wendel da kansa ya taɓa manta ɗigon da ake sawa a ƙarshen suna, sai sunan savar ya maimaita kansa sau biyu kamar mai in'ina. Muka wuni muna kwance wayoyi da sukundireba, muna hura ƙura, har muka zargi kamfanin lantarki. Da yamma ya gano ɗigon, ya sa shi, ya tashi ya sauka ƙasa ya sha kofi.

Kayan aikin da na fi so su ne akwatunan gwaji. A kowane babban kamfanin imel mun buɗe akwati na kyauta, don in mun aika saƙo mu leƙa mu ga ya faɗa inda ake karantawa ko cikin shara. Ni aka ba aikin buɗe su, sai na raɗa musu sunayen kawunnaina na Maradi. Kullum da safe Mista Wendel zai shigo da kofinsa ya ce, "Yaya Kawu Isa yau?" In ce Kawu Isa ya karɓa, Kawu Abdu ma ya karɓa, amma Kawu Dodo ya jefa mu shara. Sai ya girgiza kai ya ce shi dama bai taɓa yarda da Kawu Dodo ba. Har Kawu Dodo na gaske ya koma ga Allah bai san akwai Baturen da ke jin haushinsa a Amurka ba.

A cikin kwastomominmu akwai Madam Patsi, mai gonar dawakai a Summerfield. Tana haɗa wani garin ƙarin abinci na dawakai tana sayarwa. Watan farko da ta zo wajenmu, saƙonta ko ɗaya bai shiga ba, alhali lambarmu lafiyarta lau. Na buɗe tallan na karanta. Ta rubuta cewa garin yana ƙara ƙarfi, yana ƙara juriya, tsoho zai dawo kamar saurayi cikin sati biyu, kuma za a ga bambanci tun daren farko. Babu kalmar doki ko guda a ciki, hotonsa kawai ta sa, shi kuwa injin tace saƙo ba ya ganin hoto. A shekarun nan rabin sharar da ke yawo a intanet tallan maganin ƙarfin maza ne, don haka injin ya sa ta a layinsu. Na tuƙa mota har Summerfield, na same ta tana wanke wa wata goɗiya ƙafa, na rasa ta inda zan fara bayani ga mace sa'ar yayata.

Na ce, "Madam, injin yana zaton maganin na mutane ne."

Ta ce, "Waɗanne mutane?"

Na ce, "Maza. Magidanta."

Ta ajiye burushin. Can ta ce, "Shi ya sa wani tsoho ya kira ni daga Sedgefield yana tambayar cokali nawa ake ba mai nauyi kaza, ashe nasa nauyin ya faɗa. Na ce masa wannan dokin ai ya rame da yawa, ya kai shi likita."

Muka zauna a kan damin ciyawa muka sake rubuta tallan. Na sa mata kalmar doki a layin farko, na sake sa ta a na biyu da na uku. Tun daga ranar saƙonta yake shiga.

Yanzu ga Alhaji Tanimu. Ku ba ku riske shi da ƙarfinsa ba. Shi ne shugaban ƙungiyarmu a lokacin, mu 'yan Nijar da 'yan'uwanmu na zangon Ghana, kuma yana da shagon kayan abincin gida. Duk sanarwar suna ko ɗaurin aure ko rasuwa daga wajensa take fita. Da, waya yake bi yana kira ɗaya bayan ɗaya. Da ya ji irin aikin da nake yi sai ya hau benenmu da babbar riga, ya gaida Mista Wendel gaisuwar da ta kai Baturen ga tambayata ko wani abu ya faru. Mista Wendel ya buɗe masa shafi irin na sauran kwastomomi, inda zai zuba adireshin mutanensa ya rubuta saƙonsa ya aika. Da farko ni nake rubuta masa. Daga baya ya koya, ya ce in huta, shi ma ya yi lakwal, wato makarantar boko.

Sai muguwar shekara ta zo, 2008, lokacin da bankuna suka durƙushe ana ƙwace gidaje. Shagunan kujeru suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, kowane ya rufe mun rasa kwastoma. Da muna da lambobi da dama, kowane rukunin kwastomomi da tasa, don in ɗaya ta ɓaci kada ta shafi saura. Mista Wendel ya mayar da su don rage kashe kuɗi, ya tattara duk wanda ya rage a kan lamba ɗaya, tsohuwar da ya daɗe yana reno. Likitan haƙori, coci, shagon golf, Madam Patsi da Alhaji Tanimu, duk ta ƙofa ɗaya suke fita.

A shekarar babbar Sallah ta faɗo cikin sanyi, gab da lokacin cinikin Kirsimeti. Tun watanni kafin nan na haɗa Alhaji da Madam Patsi, suka shirya za ta kiwata raguna a bayan gonarta don mutanenmu su huta da dogon tuƙi neman abin layya. A kan maganar Alhaji kaɗai ta sayo su, ba takarda ba komai. Sallah ta ƙarato, aljihu ba nauyi, masu yin oda ba su taka kara sun karya ba, raguna kuwa suna ta cin ciyawar dawakai. Alhaji ya damu, don sunansa ne a kai. Ranar wata Asabar ya je kasuwar gwanjo, wani mutum ya sayar masa da faifan CD, ya rantse masa cewa adireshin duk Musulmin Amurka na ciki. Alhaji ya koma shago, ya zuba faifan duka a shafinsa, ya rubuta saƙo da Turanci da manyan baƙaƙe tun daga sama har ƙasa, ya danna maɓallin nan da kuke cewa kowa ya iya dannawa.

Ga abin da saƙon ya ce, gwargwadon yadda zan iya juya shi:

"GAGGAWA DA AMANA. Ɗan'uwa abin ƙauna, na san za ka yi mamakin samun saƙona tunda ba mu taɓa haɗuwa ba. Ni ne Alhaji Tanimu daga Jamhuriyar Nijar a Afirka ta Yamma. Ina da dukiya mai yawa a ajiye a hannun wata amintacciyar mata, kuma dole a fitar da ita kafin kwanaki kaɗan. Ka aiko da ɗan kafin alƙalami don in ware maka kasonka. Allah ya saka maka."

Kalmar rago ba ta fito ba sai a can ƙasa, ita ma ya yi kuskuren rubuta ta.

Ranar Litinin na shigo buro, wato ofis, na tarar da baƙin allo cike da biyar, sama da ƙasa, kamar ana rabon ta kyauta. Mista Wendel na tsaye da waya a kowane kunne. Likitan haƙori na cewa marasa lafiyarsa ba su samu tunatarwa ba. Faston cocin na tambayar ina sanarwar bikinsu ta maƙale. Mai shagon golf na rantsuwa da abubuwan da ba zan maimaita muku ba. Kawunnaina duka sun juya mana baya, har Kawu Isa da bai taɓa ƙin mu ba.

Abin da ya faru shi ne, a cikin faifan Alhaji akwai adireshin tarko. Adireshi ne da babu mutum a bayansa, ana warwatsa shi a intanet don a kama masu tsintar adireshin mutane ba da izini ba. Duk injin da ya aika masa saƙo, sai a sa lambarsa a bilaklis, wato jerin lambobin da aka yi wa tambarin 'yan shara, kuma manyan kamfanonin imel suna duba jerin kafin su buɗe ƙofa. Wanda ke riƙe da jerin da muka faɗa wani mutum ne a can arewacin Turai, aikin sa kai yake yi. Ba shi da lambar waya, ba a san sunansa ba, da harafi ɗaya yake sa hannu.

Mista Wendel ya ajiye wayoyin ya ce, "Wali, in ba mu fita daga jerin nan kafin cinikin Kirsimeti ya wuce ba, mu sayar da kujerun nan mu kulle ƙofa."

Na kira Alhaji ya zo. Na yi masa bayani a tsanake cewa saƙonsa ya yi kama da na 'yan damfara, kama ta sak, har da gaisuwar.

Ya ce, "Ni? Ni da na je Makka da gumin goshina? Wace kalma ce ƙarya a ciki? Ba ni da dukiya a hannun mata? Ba amintacciya ba ce?"

Na ce, "Duk gaskiya ne, Alhaji. Matsalar ita ce su ma haka suke rubutawa."

Ya ce, "To su suka kwaikwaye ni. Ni haka nake rubuta wasiƙa tun kafin a haife su."

Na rubuta wa mutumin Turai cikin ladabi. Na ce wanda ya aika saƙon Alhaji ne na gaske, dattijo ne mai shago, dukiyar da yake nufi raguna ne, matar kuma tana nan da ranta a Summerfield. Washegari amsa ta zo, layi ɗaya: "Duk haka suke cewa." Na sake rubutawa, na bayyana masa mece ce layya, na ce mun goge adireshin faifan gaba ɗaya. Ya amsa da cewa ya ji labarin gwal, ya ji na man fetur, ya ji na gadon janar-janar, amma na rago sabo ne, ya yaba da ƙoƙari. A ƙarshe ya ƙara da cewa in aiko masa da hoton Alhajin da ragon da lambar injinmu a wuri ɗaya, sai ya duba.

Mista Wendel ya ce ba'a yake yi mana. Na ce ko ba'a ce, shi ya nema.

Da hantsi muka isa gonar, ni da Alhaji. An kwana ana ruwa, garken ya zama taɓo. Alhaji ya sa farar shadda, ya ɗora jibgegiyar rigar sanyi a kai, ya ce ba zai tsaya gaban Turai da kayan shago ba. Na rubuta lambar a jikin kwali da baƙin alƙalami. Madam Patsi ta riƙe kyamara. Alhaji ya ƙi ƙananan ragunan, ya zaɓi mafi girma, wani mai murɗaɗɗen ƙaho da ko Madam Patsi ba ta juya masa baya. Ya kama ƙahon da hannun dama, ya ɗaga kwalin da na hagu, ya haɗe fuska irin ta hoton fasfo. Kafin a ɗauka ragon ya miƙa wuya ya yagi gefen kwalin, ya cinye ƙarshen lambar. Na sake rubutawa a ɗaya gefen. Wannan karon Alhaji ya ɗaga kwalin sama sosai, ragon ya ja da baya kaɗan kamar ya haƙura, sannan ya zo.

Hoton da muka samu ke nan: Alhaji zaune daɓas cikin taɓo, hularsa a gefe, ragon tsaye a kansa da kwalin a baki, lambar ta fito tar ana karanta ta. Alhaji ya ce a goge. Madam Patsi ta ce batir ya ƙare. Ban sani ba ko da gaske ne.

Na aika. Da yammar ranar mutumin ya amso. Ya ce tun da ya fara wannan aiki bai taɓa ganin wanda ya ce yana da kaya kuma aka tarar yana da su ba. Ya cire mu, bisa sharaɗin kada mu sake aika wa kowa sai wanda ya amsa da kansa cewa yana so. Mista Wendel ya karanta, ya sauka ƙasa ya sayo mini kofi, abin da bai taɓa yi ba.

Fita daga jerin ba ya dawo da mutunci nan take. Muka koma ɗumama tsohuwar lamba kamar sabuwa. Saƙon likitan haƙori muka fara saki, don mutane na buɗe shi da sauri, sannan na coci, sannan na golf. A hankali biyar ta ragu, biyu ta dawo. Amma sanarwar ragunan, wadda na sake rubutawa da ƙananan baƙaƙe da kalmar rago a layin farko, shara take faɗawa a akwatin mutanenmu. Na Madam Patsi na shiga, na faston na shiga, na Alhaji kaɗai ake jefarwa, Sallah kuma saura 'yan kwanaki.

Wasu manyan kamfanoni suna turo mana rahoto duk lokacin da wani ya danna maɓallin ƙorafi, wanda ke cewa wannan saƙon shara ne. Na zauna na bi rahotannin baya. Ashe tun kafin zancen faifai an daɗe ana kai ƙarar Alhaji, kuma duk masu ƙarar mata ne, matan ƙungiyarmu. Wadda ta fi kowa dannawa ita ce Hajiya Fusena, 'yar zangon Kumasi mai shagon kitso, shugabar mata, wadda ko sunan Alhaji ba ta iya kira don girmamawa. Na je shagon na same ta tana yi wa wata kitso. Muka gaisa, ta sa aka kawo mini wake da shinkafa kafin in buɗe baki.

Na ce, "Hajiya, in saƙon Alhaji ya zo, me kike yi da shi?"

Ta ce, "Adana shi nake yi, ɗana. Zo ka gani."

Ta goge hannu ta buɗe kwamfutar shagon. Ta nuna mini akwatinta cike da saƙon makarantar yara da tallan gashi.

Ta ce, "Ka ga tarkacen nan? Maganar babba ba ta zama cikin wannan. In na danna nan, sai ta tafi ɗakinta ita kaɗai." Ta buɗe akwatin shara. Ga saƙonnin Alhaji jere reras, tun na farkon da ya taɓa aikawa. "Duk matanmu na koya musu. Kai, yanzu ma ba sai na danna ba, da kansa yake wucewa can. Kwamfutar ta gane girmansa."

Na ajiye cokali na yi mata bayanin sunan wannan ɗaki da abin da ake zubawa a ciki. Ta dafe ƙirji ta zauna a kujerar kwastoma.

Ta ce, "Wato duk shekarun nan a bola nake ajiye Alhaji?"

Na ce, "Da kyakkyawar niyya, Hajiya."

Ta ce, "Kada ka gaya masa. Ka bar mini matan."

Maganin abin shi ne kowa ya buɗe akwatin shararsa, ya nemo saƙon Alhaji, ya danna cewa ba shara ba ne, ya kuma ba shi amsa ko da kalma ɗaya. In mutane da yawa suka yi haka, injin zai sauya ra'ayi. Hajiya Fusena ta gama da matan a yini ɗaya, ta waya, hannu ɗaya na kitso. Maza ne suka ba ni wahala. Ranar Juma'a bayan an idar da salla na kafa tebur a filin ajiye motoci da kwamfutar cinya, ana iska mai yanka kunne. Dattawa suka yi layi. Wani ya ce bai taɓa sanin yana da imel ba, 'yarsa ce ta buɗe masa, tana jami'a. Aka kira ta, ta amsa da Turanci cewa tana cikin aji. Wani ya sunkuyo zai raɗa mini kalmar sirrinsa, ya faɗe ta da muryar da na ƙarshen layi ya ce a'a, ba haka ake rubuta ta ba. Wani malami da na ce ya ba da amsa ko da kalma ɗaya, ya ce shi ba ya amsa wa Alhaji da kalma ɗaya, ya tsaya ya yi mini shiftar gaisuwa har yatsuna suka ƙage. Shi kuwa Alhaji yana tsaye a gefe da hannuwa a baya, yana gaya wa duk wanda ya wuce cewa an samu 'yar matsala daga Turai amma ya je ya warware ta.

Kafin Lahadi saƙon ya fara shiga. Mutane suka ga sanarwar, suka ga ranar ta matso, aka yi ta tururuwa zuwa Summerfield. Ragunan suka ƙare tas, har wasu suka haɗa kuɗi suka nemi saniya a wata gonar. Babban ragon nan Alhaji ne ya saye shi, ya ce akwai magana tsakaninsu. Kamfaninmu ya tsallake shekarar da ƙyar, likitan haƙori ya tafi amma sauran sun zauna. Da abubuwa suka ɗan lafa Mista Wendel ya karɓo wata lamba daban ya ba Alhaji shi kaɗai, ya kuma kafa doka cewa babu saƙonsa da zai fita sai na karanta.

Bayan Sallah Alhaji ya hau benenmu da kwano biyu na soyayyen nama. Ɗaya namu ne. Ɗayan ya ce na mutumin Turai ne, tunda ya yi adalci, kuma cinyar ragon da ya gani a hoto ce. Na ce ba mu san sunansa ba balle gidansa, kuma ba na jin ana barin nama ya ƙetare teku a ambulan. Ya ce kada in damu, ya riga ya rubuta masa da kansa daga kwamfutar shago, don kada ya ɗora mini aiki. Ya zaro takardar da ya buga ya miƙo mini yana murmushi.

Da manyan baƙaƙe ya rubuta. Ya ce ɗan'uwa abin ƙauna, akwai wani kaso mai tsoka da na ware maka daga dukiyar nan. Ka aiko da cikakken sunanka da adireshin gidanka da lambar wayarka cikin gaggawa kafin ya lalace. Kuma kada ka gaya wa kowa, don abin bai kai a raba da wasu ba.

Amsa ba ta zo ba. Alhaji ya yi ta leƙowa yana tambaya, kwanon mutumin Turai na cikin firjin buro, Mista Wendel na rage shi kaɗan-kaɗan duk lokacin da ya je ɗauko madarar kofi. Ranar da kwanon ya koma fayau, Alhaji ya zo ya ɗauki abinsa, ya juya shi ya duba ciki, ya sa a hammata.

Ya ce, "Mutumin kirki ne, Lawali, ba zan ci mutuncinsa ba. Amma gidansu ba a koya musu amsa wasiƙa ba."